Rufin kumfa ya yi yoyo: zan iya riƙe cikon kuɗin ɗan kwangila?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina zaune a Phoenix, jihar Arizona ta Amurka, a gidan da na saya nake ciki da iyalina. Rufin gidan shimfiɗaɗɗe ne irin na soro, kuma ya tsufa. A watan Afrilu na ba wani ɗan kwangila aikin sabunta shi da rufin kumfa, irin wanda ake fesawa ya daskare sannan a bi shi da farin shafe. Mun yi ciniki a kan dala 14,000, na biya 9,000, saura 5,000. Da baki ya ce zai ɓamɓare tsohon rufin, amma sai ya fesa a kansa. Ruwan farko na watan Yuli ya sauko mana a ɗakin yara, silin ya jiƙe, kumfar kuma ta kumbura a wuri uku. Sau ɗaya ya zo, ya liƙa wani abu ya tafi, yanzu kuma cikon kuɗinsa yake nema. Akwai garanti na shekara 10 a takardar. Niyyata in hana shi ko sisi, in kawo wani ya cire aikin gaba ɗaya, in kai shi kotu ya dawo mini da kuɗina. Ina da wannan haƙƙin, ko ba haka ba?

Amsa: Malam, sannu da wannan ɗawainiya, Allah ya kiyaye gaba. Ban ga yarjejeniyarku ba, ban kuma hau rufin ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne a kan yadda dokar Arizona take a dunƙule, kuma layi ɗaya a cikin takardar yana iya sauya shi. Amma in har labarin yadda ka ba da shi yake, kana da ƙorafi mai tushe. Matsalar ita ce matakai ukun da ka ƙudurta, in ka ɗauke su a jeren da ka tsara, suna iya rushe ƙorafin da hannunka.

Bari in fara da wanda ya fi haɗari, wato kawo wani ya cire aikin. Don Allah kada ka yi, aƙalla ba yanzu ba. A Arizona akwai hukumar da ke ba 'yan kwangila lasisi tana kuma karɓar ƙorafi a kansu, wadda ake kira ROC a taƙaice. Dokar da take aiki da ita ta hana ta tuhumar ɗan kwangila da rashin ingancin aiki idan ba a ba shi damar duba aikin ba cikin kwana 15 bayan hukumar ta sanar da shi, ko kuma idan an sauya aikin, ko an yi sakaci da shi. Ranar da wani ya sa wuƙa a kumfar nan, ɗan kwangilarka ya sami amsar da zai riƙa maimaitawa: ba aikina ba ne wannan. A kotu ma haka ne, domin rufin shi ne babban shaidarka. Kumburin da ka gani yawanci yana faruwa ne idan an fesa kumfa a kan wuri mai laima ko ƙura, ko ba a haɗa sinadarai biyun da ake yin kumfar da su daidai ba, kuma gwani yakan gane hakan ne idan ya yanki ɗan samfur ya auna kaurin kumfar da na shafen. In an kwashe komai an zubar, me za a auna? Abin da za ka iya yi, ya kuma kamata ka yi, shi ne rufe wurin yoyon da tamfol, ka ɗauki hotuna masu kwanan wata. Damina a can tana kaiwa 30 ga Satumba, kuma doka tana sa ran wanda aka cuta ya yi iya ƙoƙarinsa don kada ɓarnar ta ƙaru.

Sai maganar garanti. Mutane da yawa suna ɗauka garanti yana nufin in abu ya lalace a dawo musu da kuɗinsu. A harkar rufi ba kasafai yake nufin haka ba. Galibi alkawari ne na gyara, kuma yana zuwa da sharuɗɗa: a sanar a rubuce cikin wani wa'adi, kada wani ya taɓa rufin, a riƙa share indararo, a sabunta shafen bayan wasu shekaru, domin kumfa in rana ta same ta tsirara takan ruɓe ta zama gari. Wasu takardun sukan cire ɓarnar cikin gida, irin ta silin ɗin yaranka, wasu kuma sukan ce garantin ba ya fara aiki sai an gama biya. Ka duba ko naka na kamfanin da ya yi sinadarin ne ko na ɗan kwangilar, domin abu biyu ne daban. Ko babu garanti ma, kotunan Arizona suna ɗaukar cewa duk ɗan kwangila ya yi alkawarin aiki na ƙwarewa, ko bai rubuta ba. Sai dai diyyar da aka saba bayarwa ita ce kuɗin da gyara zai ci. Dawo da dala 9,000 ɗungurungum sai in an tabbatar aikin ba shi gyaruwa, kuma kumburi uku da yoyo ɗaya, a ganina, da wuya su kai nan su kaɗai.

Batun ɓamɓare tsohon rufi kuwa, na san shi ya fi ɓata maka rai, amma a nan nake jin ƙafarka ba ta tsaya sosai ba. Fesa kumfa a kan tsohon rufi abu ne da ake yi, matuƙar ya bushe kuma katakon ƙasa bai ruɓe ba. Tambayar ita ce me aka rubuta. Dokar Arizona ta ce kwangilar da ta haura dala 1,000 ta ƙunshi bayanin aikin da za a yi, da lambar lasisi, da jimillar kuɗi, da tsarin biya. In takardar ta ce a cire tsohon rufi, ya saɓa alkawari ƙarara. In ta ce a fesa a kansa, ka kuma sa hannu, maganar baki za ta yi wuyar tsayawa, musamman idan akwai layin da ya ce takardar ce kaɗai yarjejeniya. Ka bincika wayarka. Saƙo ɗaya da ya ambaci cirewa yana iya yin amfani, ko da yake ba zan yi maka alkawarin zai wadatar ba.

Riƙe cikon kuɗi ma ba haƙƙi ne mara iyaka ba. Mai yiwuwa kana da hujjar riƙe abin da ya yi daidai da kuɗin gyara, amma idan gyaran bai wuce dala 2,000 ba ka riƙe 5,000, za a iya cewa kai ma ka saɓa. Kuma tunda kai da kanka ka sa hannu da shi, yana iya yin rajistar bashinsa a kan gidanka, yawanci cikin kwana 120 da gama aiki, in ya cika ƙa'idojin sanarwa. Wannan rajista ba ta nufin gobe a kore ka, kuma dole ya shigar da ƙara cikin wata 6 ko ta mutu, amma tana iya tsayar maka da sayar da gida ko sabunta rancensa. Gara ka samo ƙiyasin gyara a rubuce daga wani mai lasisi wanda zai duba kawai ba tare da ya taɓa ba, sannan ka rubuta wa ɗan kwangilar adadin da ka riƙe da dalilinka.

Ba kare shi nake yi ba. Wanda ya karɓi dala 9,000, aikinsa ya yi yoyo a ruwan farko, ya leƙo sau ɗaya sannan ya koma neman ciko, bai yi abin da ya kamata ba, kuma jami'in hukuma ba zai ga kyan hakan ba.

Hanyar da nake ba ka shawara sananniya ce. Ka duba lasisinsa a shafin hukumar, ka tabbatar na rufi ne, wato rukuni mai lamba 42, kuma yana aiki a lokacin da kuka ƙulla. Ka aika masa wasiƙa mai shaidar isarwa, ka lissafa lahanin, ka ba shi wa'adi mai ma'ana. In ya yi shiru, ka shigar da ƙorafi a hukumar, kana da shekara 2 daga gama aikin, amma ban ga dalilin jira ba. Jami'i yakan zo ya duba, in ya ga lahani ya ba da umarnin gyara a rubuce, kuma yawancin 'yan kwangila suna tsoron abin da zai taɓa lasisinsu fiye da sammacin kotu. Akwai kuma asusun biyan diyya na hukumar, wanda yake iya biyan har dala 30,000 ga mai gidan da ke zaune a cikinsa. Kada ka ɗauke shi kuɗi a aljihu: yana da sharuɗɗa, yana ɗaukar lokaci, kuma in mutumin ba shi da lasisi, asusun ba zai biya ka ba, ko da yake a lokacin shi ma doka ta hana shi kai ka ƙara neman ladan aikinsa.

Kotu tana nan, kuma wa'adin ƙara a kan rubutacciyar kwangila shekara 6 ne. Amma ka fara duba ko takardar ta tilasta zuwa wajen mai sasanci, domin da yawa suna yin haka. Ka kuma sani cewa a shari'ar kwangila a Arizona alƙali yana iya ɗora wa wanda ya faɗi kuɗin lauyan ɗaya ɓangaren. A rigimar dala 5,000, kuɗin lauyoyi da na gwanin da zai ba da shaida suna iya zarce abin da ake jayayya a kai.

Da ni ne, sulhu zan nema a rubuce: ya yanke wuraren da suka kumbura, a auna laimar da ke ƙasa, ya sake fesawa da shafewa, ya gyara silin ko inshorarsa ta biya, cikon kuɗin kuma ya zauna har sai wani mai duba rufi da kuka amince da shi ku biyu ya sa hannu cewa aikin ya yi. In an tarar tsohon rufin ya sha ruwa ko'ina, maganar ta sauya, kuma a nan ne batun cirewa gaba ɗaya zai sami gindin zama. Kafin ka sa hannu a kowace takardar sulhu, ka kai ta tare da yarjejeniyar da hotunan wajen lauya mai lasisin Arizona ya karanta, musamman layin da ke cewa ka yafe duk wani ƙorafi na gaba.