Hukuncin Wasan Kwamfuta da Aka Saya a Intanet Ya Ƙi Tashi a Tsohuwar Windows

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi wasan kwamfuta a wani shago na intanet, kwamfutata kuma Windows 7 ce. Wasan ya yi aiki kusan shekara biyu, daga baya manhajar shagon ta daina buɗewa, shi ma wasan ya ƙi tashi. Na rubuta musu, suka ce in sabunta Windows. A shari'a wajibi ne su gyara mini ko su mayar mini da kuɗina? Kuma tunda na riga na biya, ya halatta in sauke wanda aka fasa makullinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna magana ne a kan wasan da babu caca ko batsa a cikinsa, kuma ba ya shagaltar da mutum daga sallah.

Ɗan'uwa, sai ka fara sanin abin da ka saya. Yawancin waɗannan shaguna suna rubutawa a yarjejeniyarsu cewa izinin amfani suke ba ka, mallakar wasan kuwa tana hannun waɗanda suka ƙirƙira shi. Saboda haka cinikin amfani ne, kuma sharuɗɗan da aka gindaya ranar ciniki su ne ma'auni. Allah Ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alƙawura, kuma Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Jerin nan da ake sakawa a ƙasan shafin wasa, wanda ke faɗin irin Windows, yawan RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta), katin hoto da DirectX (manhajar Windows da wasanni ke amfani da ita wajen hoto da sauti) da ake buƙata, shi ne siffar haja, daidai da mai yadi ya ce maka wannan shadda yadi biyar ce.

Idan shafin ya ce wasan yana aiki a Windows 7, kwamfutarka ta cika duk abin da aka lissafa, amma ya ƙi tashi tun ranar farko, wannan aibi ne, kuma kana da zaɓin mayarwa ka karɓi kuɗinka cif. Wanda ya karɓi kuɗin shi za ka bi, wato shagon. Gyaran cikin wasan aikin masu ƙirƙirarsa ne, domin su ke riƙe da asalin rubutun manhajar, amma shagon da ke cin kasonsa a kowane ciniki ba zai ce babu ruwansa ba: ko ya sa a gyara, ko ya mayar da kuɗi, kuma dole ya gyara bayanin shafin. In ya san matsalar ya bar bayanin yadda yake, ya shiga cikin hadisin da Muslim ya ruwaito na mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Rubuta "ba mu ɗauki alhakin komai ba" ba ya wanke wanda ya san aibi ya yi shiru.

Idan kuwa shafin ya ce Windows 10 mai 64-bit ake buƙata, kai ka saya da fatan zai tashi, shagon ba shi da laifi. Wasan da aka gina a kan DirectX 12 galibi ba ya tashi a Windows 7, kuma Windows mai 32-bit ba ta iya amfani da RAM fiye da gigabait 4.

Taka matsalar ita ce mai wuya: abu ya yi aiki, sannan ƙofar shigarsa ta rufe. Irin wannan ya faru a bainar jama'a. Microsoft ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020. Steam, wato wani babban shagon wasanni na intanet, ta sanar a 2023, sannan ta janye tallafi ga Windows 7, 8 da 8.1 daga 1 ga Janairu 2024, kamar yadda ta yi wa Windows XP da Vista a farkon 2019. Dalilin da ta bayar shi ne manhajarta tana tafiya ne a kan wani sashe na Google Chrome da ya daina aiki a tsofaffin Windows. Abin da na fi rinjayarwa shi ne ba a wajabta wa shago ya ci gaba da gyara har abada ga tsarin da mai shi ma ya saki, matuƙar dalilin na gaskiya ne, an yi sanarwa da isasshen lokaci, kuma wasan yana nan a asusunka, zai buɗe a duk kwamfutar da ta dace. Wannan ya zama al'adar kasuwar, abin da aka sani a al'ada kuwa kamar sharaɗi ne. Ka kuma mori wasan shekara biyu, don haka mayar da kuɗi bai zama wajibi ba.

Amma akwai iyaka. Yarjejeniyar da kamfani ke rubutawa shi kaɗai, kai sai dai ka danna amincewa, ba ta halatta masa zalunci. Shagon da ya ci gaba da sayar da wasa da sunan Windows 7 alhali ya san manhajarsa ta daina buɗewa a kanta, ko ya rufe ba sanarwa, wajibi ne ya mayar da kuɗin waɗanda suka saya a kan haka. Kuma ya fi kusa da adalci a ba mai saye fayil ɗin girkawa da ba ya buƙatar manhajar shago, kamar yadda shagon wasanni na GOG ke yi.

Wanda aka fasa makullinsa, kada ka sauke. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta zartar a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, kuma kai haƙƙinka bai salwanta ba. Ga shi irin waɗannan fayiloli kan zo da ƙwayar cuta mai satar lambobin sirri, Windows 7 kuwa ba ta da mai toshe mata ɓaraka.

Nan gaba, kafin ka biya, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta dxdiag. Zai nuna maka Windows ɗinka, RAM da katin hoto, sai ka gwada da jerin shafin. Ka ɗauki hoton shafin ranar saye, domin hujja tana kan mai ƙara. Ka girka wasan nan take ka gwada shi: Steam tana mayar da kuɗi cikin kwana 14 in ba ka wuce awa 2 kana bugawa ba, GOG kuma cikin kwana 30.

Wallahu a'alam.