504 ɗin baba: wane kaya zan sa ma inji ya ƙara ƙarhi?

Tambaya daga wani matashi a Tawa:

Salamu alaikum maigida, ina gajiya ina aiki. Babanmu Allah shi jiƙanshi ya bar muna Peugeot 504 berlin ta 1978 mai esansi, ta shekara shidda aje cikin gida, bana na tada ta na yi mata fenti. Ina son inji ya ƙara ƙarhi don yawo cikin gari da zuwa Yamai wani lokaci. Abokaina sun ce in sayi karbirato Weber guda biyu da arbarakam (sandar da ke buɗe ƙofofin iska na inji) na tsere in cire salansa (tukunyar rage ƙarar hayaƙi), wani ma cewa ya yi in sa V6 kawai. Jaka 600 gare ni. Da mi zan fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, amin Allah shi gafarta ma baba, kuma ka kyauta da ba ka bari ƴan feray sunka yanka ta ba. To amma kuɗɗin nan ka maida su aljihu tukuna, domin duk abin da abokanka sunka lissafa babu ko ɗaya da zan fara da shi.

Fara sanin abin da ke ƙarƙashin kapo. 504 ta hito a 1968, kuma injinanta masu esansi da munka saba gani nan iri biyu ne, akwai XM mai 1796 cc akwai XN1 mai 1971 cc, duka silinda huɗu, inji a kishingiɗe gefe guda, kulas (kan inji) na alminiyom, bulok (jikin inji) na ƙarhe mai shamis (rigar cikin silinda) da ake zarewa. XN1 mai karbirato sabo hul doki 93 zuwa 96 yake badawa gwargwadon shekara, na 504 TI mai injeksiyo Kugelfischer shi ne ya kai 104. Naka da ya haura shekara 40 ga zaman shekara shidda ba a tada shi ba, na rantse bai kai ko kusa da wannan lissahi ba yanzu, ke nan dawakin da kake son sayowa daga waje rabinsu cikin injin naka sunka ɓace, nemo su ya hi arha.

Abu na farko a auna kwampiresiyo, silinda bayan silinda, inji da zahi. In huɗun sun yi kusa da juna, bambanci bai wuce bar 1 ba, alhamdu lillahi. In wani ya faɗi ƙasa ƙwarai a zuba ɗan mai ta ramin buji a sake aunawa, in allura ta hau sagman (zobban piston) ne sunka gaji, in ba ta hau ba supap (ƙofofin shiga da hitar iska) ne ko juwan kulas (abin da ke like tsakanin kulas da bulok). Daɗin wanga inji shi ne shamis da piston da sagman saiti guda ake sayensu a zare tsoho a sa sabo, ba sai an kai bulok wajen mai tur ba. Kuma tunda Kaduna ta yi ta haɗa 504 har 2006 kayanta ba su yi wuyar da na sauran tsoffin motoci sunka yi ba, ana samu nan Yamai, ana samu Kano kasuwar Ƙofar Ruwa, sai dai ka tahi da wanda ya san na ƙwarai da jabu don kwali ɗaya ne abin ciki ne daban. Nan ga wani sirri, in injinka XM ne, tsawon tahiyar piston ɗinsu ɗaya da XN1, milimita 81, faɗin silinda ne ya bambanta, 84 da 88, saboda haka samo XN1 mai lahiya ka ɗora shi ne ƙarin ƙarhi mafi sauƙi da za ka taɓa yi.

Na biyu wuta. Bis filatine, ƴan ƙarahunan da ke katse wuta cikin delko (mai raba ma buji wuta), su ne ke cin ran masu 504, ka daidaita yau bayan wata biyu sun goce, ga ƙura na shiga delko. Ka sa alimaj elektronik, ko na 505 ko ɗan kit da ke shiga cikin delkon naka, da bobin da ta dace da shi da sabbin wayoyin buji, sannan a daidaita abans (lokacin da buji ke bada wuta) da fitilar aunawa, kar a yi da kunne. Wannan ba ya ƙara doki da yawa a takarda amma wallahi da safiyar farko za ka ji bambanci ga tashi da ga jan hwarko.

Na uku, kuma nan nake son ka saurare ni da kyau don kai Tawa kake ba Faransa ba, sanyaya inji. Duk dokin da ka ƙara zahi ka ƙara, mu kuma watan Afrilu da Mayu sama da digiri 40 muke yini, kulas na alminiyom in ya tafasa sau ɗaya mai kyau lanƙwashewa yakai. A wanke radiyato ko a sake mashi ciki mai layi da yawa, sabon pampon ruwa, sabbin tiyo, murfin radiyato mai riƙe matsi, kuma a duba fanka, ta 504 irin mai kamawa da wuta ce in zahi ya kai, da yawa ta mutu masu mota ba su sani ba. Kalorsta kuma, wato abin da ke buɗe ma ruwa hanyar radiyato in inji ya yi zahi, kar a cire a jefar kamar yadda wasu abokan aikinmu ke yi, a sa mai buɗewa da wuri. Kuma ruwan rijiya ko na pampo zalla ka daina, gishirinshi ne ke toshe radiyato ya ci kulas, ka sa likid na gaske.

Yanzu zancen Weber biyu. Weber 40 DCOE kaya ne masu kyau babu musu, amma sun hi dacewa da injin da ke yini a babban juyi, kai kuwa daga gida zuwa kasuwa zuwa hanyar Konni tsakanin 2000 da 3500 kake rayuwa. Babban maƙogwaro a ƙaramin juyi iska na shiga a sanyaye, esansi ba ya gaurayuwa da kyau, ka taka mota ta yi tari kahin ta tashi, ga shan mai, ga sai an samo pip (bututun da ke haɗa karbirato da inji) da zai ɗauke su, ga daidaita su biyu su yi numfashi tare wanda ba kowane makaniki ke da kayan yinshi ba. Solex ɗinka mai baki biyu in an wanke shi an sa sabbin juwan an duba jiklar ya isa, in ya cinye har aks na shan iska to Weber 32/36 guda ɗaya, shi baki na biyu sai ka taka sosai yake buɗewa. Arbarakam na tsere ma haka, yana ɗauke ƙarhi daga ƙasa ya kai sama, ralanti ya lalace, kuma yana son matsi (kwampiresiyo) mai yawa, matsi mai yawa na son esansi mai kyau, to kai da watarana tsakanin Dogon Dutsi da Dosso dole ka sha na kwalba wajen ƴan ruwa-ruwa, inji zai ta ƙarar kilikiti har piston ya huje. Kulas a rabote shi iya abin da zai miƙe kawai.

Filtar iska ta sipor mai soso kuwa, wani yaro ya kawo min 505 da ya sa mata ita don ƙara, hunturu ɗaya ƙura ta cinye sagman mota na hayaƙi kamar ana gasa kilishi. Ka bar ta asali, in mai wankan mai ce ma ka gode Allah. Salansa a sa mai ɗan faɗi wadda ba ta toshe ba, cire ta gaba ɗaya ƙara ce kawai da faɗa da maƙwabta.

V6 ɗin nan gaskiya ne akwai shi, PRV mai 2664 cc da aka sa ma 504 kupe tun 1974, da irinta Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari na Kenya a 1978, amma ka tuna Ove Andersson da berlin mai silinda huɗu irin taka ya ci na 1975. V6 na son buwat (akwatin giya) ɗinshi da sapor da radiyato da gyaran kat giris, jaka 600 ba ta kai ko'ina. Abin da zan so ka nema in kuɗɗi sun rage shi ne buwat mai bites 5 ta 505, kilomita wajen 550 ne zuwa Yamai, bites na biyar zai sauke juyi inji ya huta mai ya ragu. Birki ma motar da ta shekara shidda tsaye tiyonta da likid duk a sake kahin ka hau babbar hanya.

Ka duba lambar da aka buga jikin bulok ka turo min tare da awon silinda huɗun, sai in hwaɗa maka ko shamis za mu fara saye ko delko.