Da gaske ne "nice" zagi ce a da?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. Malaminmu na Turanci ya ja jan biro a ƙarƙashin kalmar "nice" har wuri huɗu a insha'ina, ya ce rubutun raggo ne. Yayana kuma ya ce wai asalin ma'anarta "wawa". Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Yayanki bai yi miki ƙarya ba, malaminki ma yana da hujja.

Tushen kalmar Latin ne, "nescius", wato wanda bai sani ba: "ne" na korewa, "scire" kuma sani. Daga "scire" ɗin nan "science" ta fito, kin ga kimiyya da jahilci uwarsu ɗaya. Tsohon Faransanci ya mayar da ita "nice", ma'ana sakarai. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci suka yi ta kwarara cikin Turanci, ita ma ta bi ayari. Wajen shekarar 1300, in Bature ya ce da mutum "nice", to wawa ya kira shi.

Daga nan ta yi ta sauya riga. Ta koma nufin mai tsirfa, wanda ba komai yake ci ko yake sawa ba, sannan mai tsantseni, sannan abin da aka yi da tsanaki har ya zauna daidai. Sai a ƙarni na 18 ta fara nufin abu mai daɗi, a ƙarni na 19 kuma mutumin kirki. Kada abin ya ba ki mamaki. Mu ma ai in yaro ya gwanance a ƙwallo, abokansa "shege" suke ce masa, kuma yabo ne.

Tsohuwar ma'anar tsanaki ba ta mutu gaba ɗaya ba. In kin ga "a nice distinction" a rubutun lauyoyi, bambanci ne siriri kamar silin gashi, ba bambanci mai daɗi ba.

Ƙorafin malaminki kuwa ya haura shekara 200. A littafin Jane Austen, Northanger Abbey, wanda ya fito a 1817, wani saurayi mai suna Henry Tilney yana tsokanar budurwa saboda ta yabi littafi da kalmar, yana cewa ta zama kalmar da ake liƙa wa komai. Nan matsalar take. A Hausa tuwo daɗi gare shi, atamfa kyau, maƙwabci kirki, iska kuma ni'ima. "Nice" ta tattara duka ta zuba a buhu ɗaya, sai mai karatu ya rasa wanne kike nufi. A hira ba laifi, ni kaina ina faɗar ta kullum, kuma "nice to meet you" gaisuwa ce da ba wanda zai ja mata jan biro. Ki dai lura da murya, domin sukan yi gatse da ita: wanda ya fasa kofi aka ce masa "nice one", ba yabonsa aka yi ba. In kuma aka ce shayi "nice and hot", ana nufin ya yi zafi yadda ake so.

Wajen kwatanci "nicer" da "nicest" ake cewa. "More nicer" da nake yawan gani a takardun ɗalibai kuskure ne. Birnin Nis na Faransa kuwa, wanda shi ma "Nice" ake rubuta shi, rubutu kawai ya haɗa su, sunansa daga Girkanci ya samo asali.

Ki koma wurare huɗun nan, ki tambayi kanki da Hausa me kika so faɗa. In kirki ne sa "kind", in daɗin abinci ne "delicious", in kyan gani ne "beautiful", sai ki mayar wa malamin ya sake dubawa.