Malam, 'yata ta ga an auri kawu a fim ɗin Tamil, mene ne hukuncin kallonmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina kallon finafinan Indiya na fassara, musamman na Tamil ɗin nan na soyayya da rikicin iyali, don sun fi kunya da girmama iyaye. Shekaranjiya muna kallo da 'yata mai shekara 11, sai aka nuna yarinyar tana son ƙanin mamanta har aka ɗaura musu aure a ɗakin bautarsu, sai ta ce min Mama ashe ana auren kawu? Na rasa abin da zan ce. Wani ɗalibi a unguwarmu ya ce ba komai tunda masu fassara sun mayar da addu'o'in zuwa sunan Allah. Shin haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, da ke kaɗai ce ke kallo da na ce miki rawa da waƙa da fitar da jiki kin san hukuncinsu tun kafin ki rubuto, na wuce. Abin da ya tsayar da ni shi ne yarinyar nan da tambayarta da kuma shirun da kika yi.

Ki sani abin da ta gani ba ƙirƙirar marubuci ba ce. A jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya, inda ake shirya waɗannan finafinai a birnin Chennai, al'ada ce tsohuwa a wasu dangogin Hindu mace ta auri ɗan'uwan mahaifiyarta don dukiya da gona kar su bar gida, har dokar auren Hindu ta 1955 da ta hana irin wannan aure ta yi togaciya ga mutanen da al'adarsu ta yarda da shi. A wajenmu kuwa kawu muharrami ne har abada, ayar Suratun Nisa'i ta ambaci 'ya'yan 'yar'uwa ɓaro-ɓaro, ba wanda ya saɓa. Auren ɗan kawu ko ɗan gwaggo, wanda shi ma ya cika finafinan, wannan halal ne, shi ne auren zumuncinmu. Su kansu Musulmin Tamil na garuruwa irin su Kilakarai da Kayalpatnam ba sa auren 'yar 'yar'uwarsu, to ki gaya mata wannan yau ɗin nan, da sakin fuska ba da tsawa ba, don yarinyar da aka yi wa tsawa a kan tambaya gobe waya za ta tambaya ba ke ba.

Maganar ɗalibin nan kuma ban yarda da ita ba ko kaɗan, Allah ya ƙara masa ilimi. Wai tunda an canja lafazi shi ke nan an wanke fim. To me aka canja? Murya aka canja, hoton yana nan. Jarumin ya haɗa tafukansa gaban gunki an rataya wa gunkin furanni, ana zagaya masa wuta a faranti, ana shafa toka a goshi, amma bakinsa na cewa ya Allah ka taimake ni da Hausar Kano. Wallahi ni a wajena wannan ya fi asalin fim ɗin haɗari, saboda da yaren Tamil ta ji da ta san addinin wasu ne, yanzu kuwa an haɗa mata sunan Ubangijinta da gunki a ido ɗaya da kunne ɗaya. Idan ɗalibin ya kawo ƙa'idar nan ta cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne, e gaskiya ce kuma ban kafirta kowa ba, amma ƙa'idar kan hukuncin mai ba da labari take, ba ta ce a zaunar da yaro a gabansa ba. Alƙur'ani ya hakaito maganar Fir'auna sannan ya rusa ta a take, shi kuwa fim awa biyu da rabi yake yi yana sa zuciyarki addu'ar a ɗaura wa yarinyar zaren nan mai ruwan kurkum a wuya, alamar ɗaurin aure a wajensu, kina murna da aka ƙulla shi sau uku. Wannan ba hakaitowa ba ce, ƙawatawa ce.

Don haka irin wannan fim bai halatta ki kunna wa 'ya'yanki ba, ke ma barinsa ya fi miki. Girmama iyayen da ya burge ki gaskiya ne akwai shi, ban musa ba, amma ba ya halatta sauran.

Sai abin da ba ki tambaya ba. Mata da yawa sun zo min da kukan miji ba ya soyayya, in ka bi diddigi sai ka tarar da jarumin fim ake auna mijin, mutumin da ya wuni a kasuwa ya dawo da ledar cefane. Ki kiyayi wannan. Ki duba kuma ƙarfe nawa kike kashe wayar, da yadda Asubarki take washegari. Memorin da ake kai wa masu turi kuma kar ki ƙara aiken yarinyar da shi, ki je da kanki ko ki aiki babba, ki duba abin da aka zuba kafin ya shiga hannunta.

Wallahu a'alam.