Kuɗin Fam, Tallafin Gwamnati da Inshorar Lambu: Amsa Ga Wani Ɗan Gwari Daga Auyo

Wani bawan Allah daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo ta jihar Jigawa ya aiko da tambaya mai rassa. Ya ce sana'arsa kayan gwari ce, yana sayen tumatir da tattasai da attaruhu a bakin lambu ya kai Haɗejiya, wani lokacin har Kano. Yana kuma da lambunsa na kansa kamar eka biyu, ga ɗan fili a gefen fadama inda yake rainon dashen mangwaro mai aure da gwaiba da lemo a cikin leda. Ruwa ya taɓa cinye masa dashen gaba ɗaya a shekarar 2022. Yanzu wani ya zo garinsu yana cewa akwai tallafin gwamnati na masu lambu, amma sai an biya naira 15,000 kuɗin fam. Tambayarsa: ya biya? Ya dakata da shirin rani har tallafin ya fito? Sannan inshorar amfanin gona da yake ji a rediyo, tana da amfani ga irinsa, kuma ina matsayinta a addini?

Malam, Allah Ya mayar da alheri a kan abin da ruwa ya ci. Duk wanda ya ga Auyo da Kafin Hausa da Miga da Ringim a daminar 2022 ya san ba ƙaramar asara aka yi ba.

Kada ka biya kuɗin fam ɗin nan. Da wannan zan fara, don shi ne ya fi gaggawa. Shirye-shiryen tallafin noma na gaskiya suna da ofis, suna da ma'aikata masu albashi, kuma a ƙauye ta hannun malaman gona da ƙungiyoyin manoma suke bi. A Jigawa akwai hukumar raya aikin gona ta jiha, wato JARDA, a Kano akwai takwararta KNARDA. Ka tambayi mai fam ɗin sunan shirin da ofishin da ya turo shi, ka hau babur ka je wurin malamin gona na yankinku ka tambaya. In shirin na gaskiya ne, zai san da shi. Haka kuma kada ka ba kowa lambar sirrin katinka na banki, ko lambar da banki ya turo maka ta waya, da sunan za a saka maka tallafi. Mai ba ka kuɗi lambar asusunka kawai yake buƙata.

Yanzu ga inda mutanenmu suka fi ruɗewa. Abu uku ne ake cuɗawa a kira su duka "tallafi", alhali kowanne da halinsa: akwai kyauta, akwai rance mai sauƙi, akwai kuma lamuni da gwamnati ke tsaya wa manomi a wurin banki. Kyautar ita ce mafi ƙaranci, kuma da wuya ta zo a tsabar kuɗi. Yawanci injin ban ruwa ne, ko iri, ko taki a rabin farashi, ko horo, ko a haƙa wa ƙungiya rijiyar burtsatse. Haka shirin Fadama da Bankin Duniya ya ɗauki nauyi ya yi aiki shekara da shekaru, ta hannun ƙungiyoyi, kuma a wasu kayan sai ƙungiya ta kawo nata kason kafin a cika mata. Shirin APPEALS ma, wanda Kano ke cikin jihohi 6 da suka amfana, ya sa tumatir cikin amfanin da ya mai da hankali a kansu a jihar. Akwai ACReSAL da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda aikinsa gyaran ƙasa da ruwa da dashen itatuwa ne. Abin lura a nan shi ne kowane irin wannan shiri yana da ranar farawa da ranar rufewa, yana da ƙananan hukumomin da ya zaɓa, kuma masu nema kullum sun ninka gurbin da ke akwai.

Rance kuwa rance ne, ko da wane suna aka kira shi. Shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015 ya zama darasi: manoma da yawa sun karɓi iri da taki suna ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, daga baya aka dawo ana bin bashi. Shi kuma asusun lamunin noma da Babban Bankin Najeriya ke kula da shi, wanda aka kafa dokarsa a 1977, ba manomi yake ba kuɗi ba. Banki yake tsaya wa, cewa in manomi ya kasa biya, asusun zai ɗauki har kashi 75 cikin 100 na abin da ya maƙale. Wato an rage wa banki tsoro ne don ya yarda ya ba ka. Bashin yana nan a wuyanka.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu a fili take: kada ka dakata. Rani ba ya jiran takarda. In ka bar lokacin zuba iri ya wuce kana sauraron suna ya fito, tumatirinka zai faɗa cikin zafin Maris da Afrilu, lokacin da fure ke zubewa kuma ƙwaro ke ƙarfi. Ka tsara nomanka a kan kuɗin da ke hannunka. In jarinka na eka ɗaya ne, ka noma eka ɗaya da kyau. In tallafi ya zo daga baya, ya tarar da kai a cikin aiki.

Amma akwai shirin da ba ya cin kuɗi mai yawa, wanda zai sa in rabon ya zo kada ya wuce ka. Ku haɗu ku masu lambu na garinku, ko mutum 15 ne ko 20, ku yi rajistar ƙungiyar gama kai a ofishin da ke kula da wannan a jiha, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, ku riƙa zama kuna rubuta abin da kuka tattauna, kuna zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata. Kowa ya tanadi lambar NIN da BVN, kuma ya tabbata sunan da ke wannan shi ne a wancan, domin bambancin harafi ɗaya yana hana mutum shiga. Ƙungiyar da aka kafa daren jiya saboda an ji ƙishin-ƙishin rabo, masu tantancewa suna gane ta daga littafinta.

Sai batun inshora, kuma a nan zan ɗan daɗe, don an fi yi mata mummunar fahimta ta ɓangare biyu: wasu na ganin damfara ce zalla, wasu na ganin da zarar ka biya ka gama da asara.

Gwamnatin Tarayya ta fara shirin inshorar noma a 1987, kuma hukumar NAIC ce ke tafiyar da shi. A tsarinsa, ga amfanin gonar da ke cikin jerin masu rangwame, manomi rabin kuɗin inshorar yake biya, gwamnatin tarayya da ta jiha su cika sauran rabin. Ba kowane amfani ne ke cikin wannan jerin ba, don haka tambayarka ta farko a ofishinsu ita ce ko tumatir da tattasai da dashen itatuwanka suna ciki. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ke sayar da inshorar noma, duk a ƙarƙashin kulawar hukumar NAICOM.

Me ake biya a kai? Annobar da ta fi ƙarfin manomi: ambaliya, fari, gobara, guguwa, ƙwari da cuta. Nawa kuma ake biya? Nan ne mutane ke shan mamaki. Galibi kuɗin da ka zuba a gonar ake kimantawa, ba ribar da ka ƙiyasta a zuciyarka ba. Bari in yi maka misali da lissafin da na ƙirƙira don fahimta kawai. A ce noman eka biyunka zai ci naira 600,000 daga huɗa zuwa tsinka, a ce kuma an yanka maka kashi 4 cikin 100. Kuɗin inshorarka naira 24,000 ke nan, in da rangwame 12,000. In annoba ta faɗa lokacin da abin da ka kashe bai wuce 250,000 ba, a kan wannan za a yi maganar diyya, ba a kan kwando ɗari uku da kake hangen za ka tsinka ba. Kuma yawancin takardun suna da wani kaso na asarar da aka ce kai za ka ɗauka da kanka. Inshora tana mayar da kai inda za ka iya sake shuka ne, ba ta aurar maka da 'ya.

To ka dubi lambunka da idon basira, ka tambayi kanka: mene ne ya fi cinye mini kuɗi a shekaru biyar da suka wuce? Kai ɗan gwari ne, ka fi ni sanin amsar. Ba ruwa ba ne kullum, ba ƙwaro ba ne kullum. Faɗuwar farashi ce. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da Kadawa da Kura da Bunkure da kwarin Haɗejiya suka tsinka a tare, kwando yakan faɗi har ya kasa biyan kuɗin mota da na 'yan tsinka. Ka je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da ke jihar Kano a irin wannan lokaci ka ga yadda ake shanya tumatir a bakin titi. Wannan asarar inshorar amfanin gona ba ta san da ita ba. Haka in kaya suka ruɓe a hanyar Legas, ko injinka ya tsaya saboda babu kuɗin fetur gona ta bushe. Maganin wannan yana hannunka: ka rarraba zuba iri kashi biyu ko uku da tazarar makonni, kada ka zuba duka a tumatir, ka sa albasa ko attaruhu da za su iya jiran kasuwa, kuma ka tanadi wurin shanya mai tsafta tun kafin kasuwa ta karye.

Inda inshora ke da ma'ana sosai shi ne irin abin da ya faru a 2016, shekarar da ƙwaron nan da manoma ke kira sharon ya share lambunan tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa cikin 'yan makonni. Wanda ya noma da kuɗinsa ya yi kuka ya share hawaye. Wanda ya noma da bashi, shi kukansa bai ƙare a wannan shekarar ba. Don haka ra'ayina shi ne: in da kuɗin wani za ka yi noma, ko na banki ko na dillali, ka yi inshora. Sau da yawa ma bankin da kansa zai sa ta cikin sharuɗɗa ya cire kuɗinta daga rancen. In haka ta faru, ka nemi a ba ka takardar a hannunka. Manoma da yawa an cire musu kuɗin inshora ba su ma san suna da ita ba, annoba ta zo ta wuce ba su kai rahoto ba.

Rahoton nan kuwa shi ne ran abin. Kowace takardar inshora tana da wa'adin sanar da asara, kuma gajere ne. Ranar da ka ga ɓarna, ranar za ka kira, ka ɗauki hoto da wayarka, ka sanar da malamin gona, kuma kada ka sake huɗe wurin sai sun zo sun gani. Ka ajiye rasiɗin iri da taki da magani, ka sami littafi ko na 'yan makaranta ne ka riƙa rubuta ranar shuka da ranar feshi da kuɗin leburori. Mai kimanta asara ba zai yi aiki da rantsuwa ba. Akwai kuma wata irin inshora da ba a duba gonarka kai kaɗai, sai dai a auna ruwan sama ko amfanin yankin baki ɗaya, in ya gaza wani mizani a biya kowa. Tana da saurin biya, amma tana iya yiwuwa gonarka ta lalace ba ka sami komai ba saboda maƙwabta sun tsira. Ka tambaya wace iri ake sayar maka kafin ka sa hannu.

Batun addini ba fagena ba ne, kuma malamai sun yi magana a kai, da yawansu suna da ja a kan inshorar da aka saba saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, da kuma riba. Abin da zan gaya maka a matsayin mai ba da shawarar kasuwanci shi ne akwai takaful, wato tsarin taimakekeniya inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya a ɗauki nauyin wanda masifa ta afka wa, in an sami rara a raba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi. Ka tambaye su ko suna karɓar lambu, ka kai takardar wurin malamin da ka amince da shi ya duba.

Na bar dashenka a ƙarshe da gangan, domin a ganina matsalarsa ba ta inshora ba ce. Ruwan kogin Haɗejiya yakan cika a Agusta da Satumba, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa tana tura shi inda bai saba bi ba. Lambun rani yana zuwa ne bayan ruwa ya janye, amma dashen mangwaro yana zaune a ledarsa damina da rani. Kai kuma ka ajiye shi a gefen fadama saboda sauƙin ban ruwa. Alherin dashen leda shi ne yana ɗaukuwa. Ka nemi ɗan fili a tudu, ko aro ko haya, ka kwashe ledojin da amalanke tun a watan Yuli, ka mayar da su in ruwa ya sauka. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya tare da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, kuma ana karanta su a rediyo da Hausa.

Wani abu kuma game da dashe: hukumomin da ke yaƙi da kwararowar hamada, kamar ta shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Kano da Jigawa ke cikin jihohinsa 11, suna buƙatar dashe da yawa a damina. Wannan kasuwa ce, kuma ta fi maka tallafi daraja. Sai dai kada ka raini leda dubu goma saboda wani ɗan kwangila ya ce maka "za mu saya". Ka nemi takarda da kafin alƙalami, in babu, ka raini adadin da masu lambu da masu gidaje za su iya ɗauke maka.

Naira 15,000 ɗin nan da ka yi niyyar ba mai fam, ka raba ta: wani kaso kuɗin mota zuwa Dutse ka ji sharuɗɗan inshora daga bakin masu ita, wani kaso gudummawarka ta rajistar ƙungiya, abin da ya rage ka ba mai amalanke kafin alƙalami tun yanzu.