A kai rajistar inda iyaye suke

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za a shigar da 'ya'yan talakawan ƙauyukan Argungu shirin lafiya na KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kebbi, tunda iyaye ba sa zuwa rajista. A kai musu rajistar inda suke: asibitin mazaɓa ranar rigakafi, kasuwa, ƙofar gidan mai unguwa. Liman kuma ya sanar ranar Juma'a, domin uwa ba ta fita da yaro sai maigida ya yarda.

Amma da sharaɗi: a tabbatar akwai magani a asibiti. Asusun BHCPF, wanda gwamnatin tarayya ta ware don kiwon lafiya a matakin farko, yana biya wa yara 'yan ƙasa da shekara 5, sai dai na sha gani, in uwa ta zo da kati aka ce babu magani, ta je kyamis ta saya, maƙwabtanta ma ba za su yi rajistar ba.