Ƙurajen da suka ƙi jin magani da kansar fankiriyas: amsoshin likita

Tambaya: Likita dan Allah, mamana shekararta 56, ta daɗe tana fama da wasu jajayen ƙuraje a matsematsi da ɗuwawu da ƙafafu, sai su ɗuri ruwa su fashe su bushe sannan su ɓullo a wani wurin, an sha bata man shafawa ba sauƙi, ga rama ga suga da aka gano mata kwanan nan.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Gaskiya abin da ya tsaya min a rai shi ne haɗuwar ukun nan, ƙuraje masu yawo da rama da sabon ciwon suga. Akwai wata kansa da ake kira gulukagonoma, tana fitowa a fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin, sinadarin da ke rage suga a jini. Ƙarin yana zuba sinadarin gulukagon da yawa a jini, shi ke ɗaga suga ya cinye tsoka, fata ta rasa abin gina ta sai ta fara saɓulewa. In kin duba da kyau za ki ga tsakiyar tabon na warkewa ya bar baƙi-baƙi amma gefen na ci gaba da faɗaɗa da ɓawo, cikin sati ɗaya zuwa biyu wani ya lafa wani ya taso. Ki duba mata baki ma, gefen leɓe na tsagewa, harshe ya yi jawur yana zafi. Ban ce shi ne ba fa, ƙarancin zinc da ciwon hanta ma kan kawo irinsa, amma ku kaita wajen likitan fata ku faɗa masa zancen ramar da sugan, a auna gulukagon kafin ta karya, a yanki ɗan gefen ƙurjin a gwada, a yi hoton CT. Kar ku ja lokaci, sau da yawa kafin a gano shi ya riga ya taɓa hanta. In aka cire ƙarin da tiyata ƙurajen kan tafi, in bai ciruwa akwai allurar octreotide mai rage sinadarin.

Tambaya: Nima ina da ƙuraje masu ƙaiƙayi a cinya, wallahi na tsorata.

Amsa: Kwantar da hankalinka ɗan'uwa. Cutar nan kusan mutum 1 cikin miliyan 20 take kamawa a shekara, kuma yawanci manya ne. In ba rama ba suga, ya fi kama da makero ko borin jini, je a duba a baka magani.

Tambaya: Babana idonsa ya yi ɗorawa, fitsari ja kamar shayi, yana ta susa amma ba ƙurji ko ɗaya.

Amsa: Wannan ciwon shawara ne malama, da alama hanyar maɗaciya ta toshe. Tsakuwa na iya jawowa, ciwon hanta ma haka, sannan kansar fankiriyas ɗin da aka fi sani ita ma sau da yawa haka take fara nunawa. Ki kai Baba asibiti cikin satin nan a yi gwajin hanta da sikanin, kuma in zazzaɓi ya haɗu da shi a tafi yau ɗin nan.